Tuba A Gaban Jama'a Ba Ta Fitar Da Ƙwaya Daga Jiki

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu bayan ta shafe shekaru a rufe. Duk wanda ya san halin da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta shiga, musamman daga Buruku zuwa gaba, ya san wannan abin hamdala ne. Sai dai a matsayina na ma'aikacin lafiya mai kula da masu fama da shaye-shaye, akwai gefen da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a zancen sulhun ba. Mutum yana iya miƙa bindiga a wuni ɗaya, a gaban sarki da gwamna da 'yan jarida. Ƙwayar da ya shekara da shekaru yana haɗiya a dajin Kamuku ko na Kuyambana kuwa, taro ba ya fitar da ita daga jikinsa, rantsuwa ma ba ta fitarwa.

Dalilin yana cikin jiki. Tramol, wato tramadol, maganin ciwo ne dangin kodin. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 200 ko 225. Idan jiki ya saba da shi kullum, ƙwaƙwalwa takan sauya tsarinta ta yadda sai da shi take daidaita. Ranar da aka yanke shi, kafin a kwana a wuni mutum ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gumi na keto masa ko da a sanyin hunturu, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa da zawo, barci ya ƙaurace. Abin yakan fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda ko fiye, amma rashin barci da ƙunci da kwaɗayin ƙwayar sukan ɗauki watanni. Wanda ya saba da Diazepam ko Rohypnol kuwa, yanke masa farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya har a rasa rai. Akwai kuma haɗarin da iyaye ba su cika sani ba: wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya rasa juriyar da, in ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa.

Kada kuma a ɗauka matsalar ta mutanen daji ce kaɗai. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin suke sha, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A ƙasa irin Birnin Gwari, mai shan ƙwaya yana iya zama yaron da ke wuni cikin ramin zinare yana neman abin da zai kashe masa gajiya, ko ɗan acaɓa, ko ɗan sa-kai mai kwana a bakin gari, ko matar da aka kashe mijinta a gona, wadda tun daga ranar ba ta runtsawa sai ta haɗiyi wani abu. A aikinmu, da wuya a tona tarihin mai shaye-shaye daga yankin da ya sha rikici ba a tarar da firgici ko rashi a ƙarƙashinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka mai da wannan ciwo abin kallo. Yau a ɗauki bidiyon matashi an aske masa kai, an zube ƙwayoyi a gabansa, a watsa a Facebook da TikTok. Gobe a nuno wani yana hawaye yana cewa ya daina har abada, jama'a na ta kabbara. Masu yin haka sukan ce tonon asiri izina ce ga na baya. Na fahimci niyyarsu, amma sakamakon da muke gani daban ne. Wanda aka kunyata ba ya zuwa asibiti, ɓuya yake ƙara yi, mace kuwa ta fi kowa ɓoyewa saboda aure da sunan gida. Wanda aka yaba a bainar jama'a shi ma an ɗora masa kaya: ranar da ya zame, kunya ba za ta bar shi ya nemi taimako ba, domin gari duka ya shaida alkawarinsa. Alhali zamewa ba baƙon abu ba ce. Masana sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da masu hawan jini da asma. Ba ma korar mai hawan jini don jininsa ya sake hawa. Gyara masa magani muke yi.

Wasu za su ce tuba da addu'a sun wadatar. Babu mai musun ƙarfinsu, kuma majinyacin da ya riƙe salla da zama da mutanen kirki ya fi samun abin jingina. Amma addinin nan da kansa bai haramta giya a rana ɗaya ba, a hankali hukuncin ya sauka mataki-mataki, kuma shi ne ya umarce mu da neman magani. Mun ma ga inda tsanani zalla ya kai mu. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa, sannan aka bankaɗo irinsa a Daura da Zariya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, mafita suka rasa. Mari yana hana ƙafa tafiya wurin dila, amma ba ya taɓa abin da ke kai ta can.

Hujja mafi nauyi ita ce ta waɗanda aka zalunta: don me za a kashe kuɗi wajen jinyar wanda ya ƙona mana gari? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma jinya ba ta shafe haƙƙin kowa, ba ta kuma maye gurbin shari'a. Sai dai mutumin da ya saba da makami, jikinsa na neman ƙwaya kullum, ba shi da sana'ar da za ta saya masa ita, barazana ce ga sulhun kansa. Barinsa haka kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Kuma akwai dalilin sa rai. Binciken Lee Robins kan sojojin Amurka da suka kamu da hodar heroin a yaƙin Biyetnam ya gano cewa kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko bayan komawarsu gida. Sauyin muhalli da abokai da abin yi yana aiki sosai, kuma shi ne damar da zaman lafiya ya buɗe, in an yi amfani da ita.

Ƙwararrun jinyar shaye-shaye sun fi yawa a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tafiyar sama da kilomita 100 daga Birnin Gwari, kuma manomin Kuyello ko Randagi ba zai iya yin wannan zirga-zirga duk wata ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin kulawa cikin mutunci da sirri. Ina roƙon gwamnatin jiha da masarauta su sa jinyar shaye-shaye cikin sharuɗɗan sulhu, a horar da ma'aikatan babban asibitin Birnin Gwari da na ƙananan asibitocin karkara, a keɓe wa mata ranarsu. Ku kuma iyaye, idan ɗanku ya ce yana so ya daina, kada ku kira mai ɗaukar bidiyo, kada ku kulle shi a ɗaki. Ku kai shi wurin ma'aikacin lafiya, in ya zame ku sake kai shi.