Garkar Gefen Katanga a Gidan Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Noma shi ne tushen sana'o'in Bahaushe, amma ba a gona kaɗai yake yin sa ba. A cikin gida ma akan keɓe ɗan fili a bayan ɗakuna domin shuka ganyen miya da na magani da na ado. Wannan darasi zai yi bayani a kan tsirran da ake jerawa a gefen katanga, da yadda ake tsara su, da kuma abubuwan da ya wajaba a kiyaye.

2.0 Ma'anar Garka

Garka ɗan fili ne da ake killacewa da shinge a cikin gida ko kusa da shi, a shuka abin amfanin yau da kullum. Ta bambanta da lambu, wanda galibi a fadama ko bakin rafi yake, kuma don sayarwa ake noma shi. A gidan da fili ya yi ƙaranci, akan ja garkar a tsawon katanga, tsakar gida kuwa a bar ta ga shanya da girki da wasan yara.

3.0 Tsirran da Ake Shukawa

Bahaushe bai cika shuka fure don kallo kawai ba. Ya fi son tsiron da zai ƙawata gida, ya kuma shiga tukunya ko ya yi magani. Alal misali:

a) Lalle: yana da ƙananan furanni farare masu ƙamshi, ganyensa kuwa da shi mata ke ƙunshi.
b) Zogale: akan dafa ganyensa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli.
c) Yakuwa: ganyenta na shiga miya da fate, jan ƙoƙon furenta kuwa shi ne zoɓo.
d) Ɗoɗɗoya: ana sa ta a miya, kuma a al'adance akan yi amfani da ita wajen korar sauro.
e) Na'ana'a: ana sa ta a shayi.

4.0 Yadda Ake Tsara Garka

Da farko, akan zaɓi gefen da ke samun hasken rana na aƙalla awa 6 a yini. Faɗin fangalin, wato wurin da za a yi shukar, kada ya wuce mita 1, domin hannu ya kai ko'ina ba tare da an taka ƙasar ba. Sai a kafce ta zurfin kamar santimita 30, a gauraya da takin dabbobi wanda ya ruɓe, saboda ɗanyen kashin kaji yakan ƙone saiwa.

Bayan haka, sai a jera tsirran gwargwadon tsawonsu: lalle da zogale a baya, yakuwa a tsakiya, ɗoɗɗoya da na'ana'a a gaba. Ta haka dogon tsiro ba zai tare wa gajere rana ba. Ita na'ana'a yaɗo take yi har ta mamaye maƙwabtanta, don haka an fi so a dasa ta a cikin tsohon tulu. Shi kuwa zogale, akan sare kansa idan ya kai kamar mita 1 domin ya yi rassa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokacin da ya fi dacewa da dashe shi ne farkon damina, wajen watan Yuni. Da rani kuwa, da sassafe ko da yamma ake ban ruwa, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don kada danshi ya tsere.

5.0 Abubuwan Lura

Na farko shi ne lafiyar gini. Katangar ƙasa ba ta jure danshi, domin yakan ci gindinta, ya kuma jawo gara. Saboda haka, wajibi ne a bar tazarar aƙalla rabin mita tsakanin katanga da fangali. Na biyu shi ne lafiyar yara. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu da na zaƙami suna ɗauke da guba, don haka bai kamata a bar su a inda yara ke wasa ba. Na uku, a yi shingen kara saboda awaki da kaji, a kuma guji zuba wa shuka ruwan wanki mai yawan sabulu.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, garkar gefen katanga takan haɗa ado da amfani, muddin an tsara ta bisa lura. Malamin Hausa zai iya kafa irinta a makaranta, ɗalibai su koyi kalmomi kamar kaftu da dashe da ban ruwa a aikace.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin garka da lambu.
2. Me ya sa ake barin tazara tsakanin katanga da fangali?
3. Kawo tsirrai uku da bai dace a shuka a inda yara ke wasa ba.