Aikin Unguwa Ba Ya Jiran Ku Girma

'Ya'yana, samari da 'yan mata, da ku nake, musamman waɗanda suka gama sakandare suna zaman jiran sakamakon jarrabawa. Wannan zaman shi na fi ji muku tsoro. Wata shida, wani lokacin shekara ɗaya ko biyu, ba makaranta ba sana'a, daga dakali sai gidan kallon ƙwallo, daga can sai teburin mai shayi. Ba faɗa zan yi muku ba, domin na san guraben karatu sun yi kaɗan, aikin yi kuma ya yi wuya. Abin da nake so ku gane shi ne, a layin da kuke kwana akwai aikin da ke neman hannunku, ba ya tambayar takardar shaida, ba ya neman ku san wani babba.

A da saurayi ba ya neman inda zai taimaka, aikin ne ke zuwa ya same shi. Mai gona zai ga ciyawa ta fi ƙarfinsa, ya ɗauki goro ya kai wa sarkin noma ko sarkin samari, a sa ranar gayya. Makaɗa su zo, samari su ja layi da garemani, 'yan mata su biyo da fura da ruwan sha. Kafin azahar an tashi noman da zai cinye wa mutum ɗaya kwana da kwanaki. Ba a biyan kowa. Tuwo ne da goro, sai kuma sanin cewa ranar da abin ya zo kanka za a zo maka. Haka ake ɗora jinka, a yashe rijiya, a yaɓe masallaci, a nome gonar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Ganuwar Kano da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, hannun jama'a ne ya ɗora ta, ko da yake can akwai tilas ta sarauta a ciki. A Nijar ma, bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974, ya farfaɗo da wannan tsari da sunan Samariya, matasa suka riƙa gina azuzuwa suna dasa itatuwa. An yi ta muhawara kan yadda gwamnati ta ci moriyarsu a siyasa, amma azuzuwan dai an gina, yara sun zauna a ciki.

Yau yawancinku ba a gona kuke ba, to ku dubi kwatar ƙofar gidanku. Ledar ruwa, robar lemo, yashi da tsumma sun toshe ta tun rani. Ruwan farko na damina zai rasa hanya ya shiga zaure, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, abin da ya rage ya kwanta ya zama gidan sauro. Idan ya haɗu da masai ya gangara rijiya, sai amai da gudawa. Ba sai an yi digiri ba kafin a hana wannan. Shebur biyar, manjagara biyu, baro ɗaya da samari goma sun isa layi guda. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a a tsakiyar shekarun 1980 aka ware safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata don tsaftar muhalli, kuma jihohi irin su Kano suna riƙe da ita. Me na gani? An hana motoci wucewa, titi ya zama fili, sai a kafa duwatsu a buga ƙwallo. Ku yi aikin awa biyu tukuna, ƙwallo ba za ta gudu ba. Amma ku kula, abin da kuka kwaso daga kwata kada ku tara shi a bakinta ku tafi. Ruwan sama ɗaya zai mayar da shi inda ya fito. Ku san inda za a kai shi kafin ku fara, ku sa takalmin roba, ku wanke hannu da sabulu.

Kada ku raina wannan. Mutanen Haɗeja sun san darajar buhun yashi, domin duk shekarar da kogi ya cika, kamar 2022, samari ne ke kwana a kan jinga suna tare ruwa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, kafin taimako ya iso daga nesa maƙwabci ne ya goyo tsohuwar maƙwabcinsa. Wanda bai saba fita aikin layi ba, ranar irin wannan tsayawa zai yi yana ɗaukar hoto.

Wanda ƙarfinsa a ka yake, ga nasa. A kowane layi akwai yaran da suka kai aji huɗu na firamare ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Kai da ka gama aji shida na sakandare, malami ne a wurinsu. Ka roƙi zauren wani dattijo, ka tara yara shida ko bakwai bayan la'asar, ka koya musu karatu da lissafi. Ka sa almajirin da ke yi wa gidanku aike a cikinsu. Sharaɗin ɗaya ne: idan ka ce Asabar da Lahadi, to Asabar da Lahadi, domin yaro ba ya mance wanda ya yi masa alkawari ya saɓa.

'Yan matana, kada a ce muku wannan harkar ta maza ce. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda shugabannin mata da ake kira jaji ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata ƙanana daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan da ke cikin gida. Kuna da ƙofar da maza ba su da ita, wato ku ne ke shiga har tsakar gida. Akwai matar da aka rubuta mata magani ba ta san sau nawa za ta sha ba, akwai mai juna biyun da ke jin nauyin zuwa awo ita kaɗai, akwai uwar da katin riga-kafin ɗanta ke ƙarƙashin katifa ranar ta wuce. Da aka bayyana a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka, babban kaso na ladan na matan nan ne da suka yi ta bi gida-gida cikin rana suna lallashi. Idan kuma tsohuwa ta miƙo miki waya ki duba mata saƙon banki, wannan amana ce. Kada ki tambayi lambar sirrinta, kada ki faɗa wa kowa abin da kika gani.

Mai son horo da tsari, ƙungiyoyi suna nan. Akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Izala, da na Fityanul Islam, waɗanda kuke gani suna gyara sahu a filin Idi da wurin tafsiri, suna ɗaukar kayan tsofaffi a sansanin alhazai. Akwai Red Cross, akwai Sikawut, 'yan'uwanmu Kirista kuma suna da Boys' Brigade da Girls' Brigade. Ku shiga don abin da za ku koya, ba don kaki ba. Yadda ake tsayar da jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma, dalilin da ya sa ba a fizgo wanda ya yi haɗari a ɗaga shi yadda aka ga dama, yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: wannan ilimin wata rana a kan ɗan gidanku za ku yi amfani da shi.

Sai abin da zan ja muku kunne a kai. An ɓata mu da alawus. Yanzu ka ce a zo aikin gayya, tambayar farko ita ce nawa za a bayar, ko akwai riga da hula. Wanda ya saba da haka shi ne ɗan siyasa ke saye da araha. Ku tambayi mutanen Gombe labarin Kalare, ku tambayi na Bauchi labarin sara-suka. Yara ne kamarku, aka ce su zo su taimaka. Duk aikin da za a ba ka makami ko ƙwaya kafin ka fara, ba taimakon jama'a ba ne. Ko sintirin dare, duk da halin da muke ciki, ba na yaro ba ne. Abdullahi ɗan Umar ya kawo kansa ranar Uhudu yana da shekara 14, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da shi gida, sai ranar Khandaƙ yana da 15 ya karɓe shi. Don haka ku nemi yardar iyaye, ku sanar da mai unguwa. Idan kun karɓi kuɗin jama'a, ko naira hamsin ce, a rubuta ta a littafi, a karanta a gaban kowa.

Daga irin wannan aiki ne maganarku za ta yi tasiri. Famfon unguwa ya lalace, ku rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku kai wa kansila, ku riƙe kwafi, bayan mako biyu ku koma cikin ladabi. Da kun cika shekara 18 ku yanki katin zaɓe. Dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, saura ƙiris ke nan gare ku. Mutanen layi ba za su tambayi wanda ya shekara uku yana koyar da 'ya'yansu ɗan gidan wane ne ba.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, idan yaran nan suka fito, kada mu zauna a inuwa muna cewa ba za su jure ba. Mu ara musu shebur, mu aika musu ruwan sanyi, mu ambaci sunayensu a ƙofar masallaci. Ku kuma 'ya'yana, wannan Asabar ɗin ku sami mutum biyar, ku je ku gai da mai unguwa, ku tambaye shi daga wane lungu za ku fara. Allah ya yi muku albarka.