Kurtu a bariki kafin fagen fama

Ya kai mai karatu, ka sha ganin sojoji cikin mota a hanyar Madarunfa zuwa Gabi ko Ɗan Isa, kowa da bindigarsa. Wataƙila ma ɗanka ko ƙanenka ya ce maka shi soja yake so ya zama. To, bari ka ji abin da ke jiransa kafin a ce da shi soja.

Rundunar sojan Nijar an kafa ta ran 1 ga watan Agusta 1961. Ba a shiga cikinta haka kawai. Sai yaro ya kai shekara 18, ya kawo takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa, likita ya duba idonsa da ƙirjinsa da ƙafafunsa. Ka ga amfanin yi wa yara takardar haihuwa tun suna goye. In an ɗauke shi, sai a kai shi barikin horo. Wanda aka fi sani shi ne na Tondibiya, kusa da Yamai. Daga Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 600.

Ran da ya isa za a aske masa kai, a ba shi kaki da takalmi da lamba. Daga ranar sunansa kurtu. Tun kafin asuba ake tashinsa. Gudu, share fili, fareti cikin rana, ga gadi da dare. Umarnin fareti da Faransanci ake ba da shi, saboda haka wanda bai yi lakwal ba yakan sha kunya a kwanakin farko: a ce dama, shi ya juya hagu. In mutum ɗaya ya yi kuskure, sau da yawa dukan ƴan rukuninsa ake horarwa. Za ka ce wannan zalunci ne. Amma dubi dalilin. A fagen fama, in mai gadi ɗaya ya yi gyangyaɗi, ba shi kaɗai zai mutu ba. Ana so tun a bariki Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare su saba kowa ya tsare ran ɗan uwansa. Kwano ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana.

Sai maganar bindiga. Kalashinikof, in an ɗura mata harsashi 30, nauyinta ya kai kilo 4. Kurtu zai koyi kwance ta, ya goge, ya shafa mai, ya mayar, har hannunsa ya iya ko cikin duhu. Ƙura da rairayi su ne abokan gabarta, mu kuwa ƙasarmu ba abin da ta fi su. Bayan haka ake kai shi filin harbi. Ana koya masa jan ciki, da haƙa ramin ɓuya, da tafiya mai nisa da kaya a baya, da tattalin ruwan gora. Ana nuna masa yadda ake ɗaure rauni don jini ya tsaya, da yadda ake gane wurin da aka binne nakiya. A nan karatu yana da rana, domin wanda ya iya karanta taswira da lambobi ya fi saurin samun galan.

Ko bayan ya zama cikakken soja, in za a tura shi yaƙi sai an sake tara su an yi atisaye. Haka aka yi a Walam, arewa da Yamai, kafin sojojinmu su shiga Mali a watan Janairu 2013. Tun kafin nan, a 1990, zamanin Janar Ali Saibu, an tura wasu Saudiyya lokacin yaƙin tekun Fasha. Amma daga baya yaƙin ya iske mu gida. A watan Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 suka rasu rana ɗaya. Nan wajenmu kuma, satar shanu da satar mutane a bakin iyaka da dajin Baban Rafi suka sa aka kafa rundunar Farautar Bushiya.

Saboda haka in ɗanka yana bariki ya kwana biyu bai kira ba, kada ka ce ya manta da ku. Bai da lokacin kansa. In kuma ya kira, kada a matsa masa da “ina za a kai ku, yaushe za ku tashi?” An hana shi faɗi. Magana ta fita daga zaure ta shiga kasuwa, ba ka san kunnen da za ta faɗa ba.

Aiki: Rubuta wa wani kurtu ɗan garinku wasiƙa ta layi biyar. Ka ba shi labarin damina da na gida.