Lambar Shasi da Tantance Asalin Tsohuwar Mota

A shekarar 2018 an yi gwanjon wata mota ƙirar Ferrari 250 GTO a Amurka, aka saye ta fiye da dala miliyan 48. Guda 36 kacal aka ƙera irinta tsakanin 1962 da 1964. Gwanin maƙeri zai iya yin wadda ido ba zai bambanta ta da ita ba, amma ba za ta kai ko kusa da wannan daraja ba. Ke nan asali mai saye ya biya, shi kuwa asalin ya rataya ne a kan 'yan lambobi da aka buga a jikin ƙarfe. Haka yake ga mai neman tsohuwar Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, sai dai shi abin da yake gudu shi ne a sayar masa da motar sata wadda aka sake wa lamba.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta shasi, wato ƙashin bayan mota. Daga 1981 Amurka ta wajabta tsari guda mai gurbi 17 na haruffa da alƙaluma, akasarin ƙasashe kuma a kansa suke. Ba a sa I da O da Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Gurabe uku na farko suna nuna ƙasa da kamfani: WDB na Mercedes-Benz ne a Jamus, VF3 kuwa na Peugeot a Faransa. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka gurbi na goma shekara yake nunawa. Harafin B na nufin 1981, amma tsarin yana zagayowa bayan shekara 30, don haka B ɗin nan na iya zama 2011.

Gurbi na tara zai fi burge ɗaliban lissafi. Ana mai da kowane harafi alƙalami, a riɓanya kowane gurbi da adadin da aka keɓe masa, a tara duka, sannan a raba da 11. Abin da ya saura shi ake rubutawa a gurbi na tara, in 10 ne a sa X. Wanda ya sake alƙalami ɗaya bai sake lissafin ba, asirinsa ya tonu. Wanda ya yi caɓe kuwa, sau ɗaya cikin 11 zai dace. A lura dai, wannan doka ba ta hau kan motocin da aka yi don kasuwar Turai ba.

Motocin da suka girmi 1981 kowane kamfani da nasa tsari. Alal misali, Volkswagen Beetle lambar shasinta tana ƙarƙashin kujerar baya, kuma daga samfurin 1965 alƙalami na uku shi ne shekara, wato wadda ta fara da 117 samfurin 1967 ce. Mai saye zai gwada wannan da lambar inji, da farantin da aka manna a jiki, da takardun mota. In an ce ta 1967 ce amma lambarta ta fara da 119, magana ta ƙare.

To, idan an goge lambar aka buga wata fa? A nan kimiyya ke shigowa. Ƙarfe ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi ne jere cikin tsari. Lokacin da aka buga lamba da ƙarfi, ba saman kaɗai ke lotsawa ba, ƙwayoyin da ke ƙasa su ma suna matsewa su karkace, har zuwa zurfin da ya wuce na rubutun. Ɓarawo yakan goge abin da idonsa ke gani ne, ya bar tabon a ciki. Masu binciken laifi sai su goge wurin ya yi sumul, su shafa ruwan asid mai haɗe da gishirin tagulla. Ƙarfen da ya matsu ya fi saurin cinyewa, saboda haka tsohuwar lamba takan bayyana kamar inuwa, a yi maza a ɗauki hotonta kafin ta dushe. Illar wannan hanya ita ce tana cin ƙarfen. Akwai wata da ba ta ɓarna: a sa wa wurin maganaɗisu, a zuba garin ƙarfe mai laushi cikin ruwa, sai garin ya taru a kan layukan tabon. In kuma yanke wurin aka yi aka yi waldar wani, hoton eksire kan nuna gaɓar.

Malami zai iya nuna wannan a aji ba tare da asid ba. Ɗalibi ya danna biro ya rubuta lamba a littafi, a yage shafin, a shafa fensir a hankali a kan na ƙasa. Lambar za ta fito.

Duk da haka akwai inda lamba ba ta raba gardama. A 1990 wata kotu a Ingila ta saurari ƙara a kan motar tsere ƙirar Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci tseren Le Mans a 1929 da 1930. An yi cinikinta a kan fam miliyan 10, sai masu saye suka janye, suka ce an sake mata sassa da yawa, musamman bayan mummunan haɗarin da ta yi a 1932, don haka ba ita ba ce. Ɗalibin ilimin halittu ya san irin wannan tambaya, domin jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a jiki a musanya ta, amma ba a ce mutumin ya zama wani. Alƙali bai ce motar tana nan yadda take a 1929 ba. Abin da ya kama shi ne tarihinta bai taɓa yankewa ba, ana iya bin kowane gyara daga wanda ya gabace shi, kuma babu wata mota da ta fi ta cancantar sunan. Mai sayarwa ne ya yi nasara.