Ya ƙwace makullin a gaban 'yan tasha

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata uwa a Kebbe, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Bayan ta gaida Malam mai wannan fili, ta ce akwai abin da ya tsaya mata a rai tun bayan ƙaramar Salla, har abinci ba ya yi mata daɗi.

Ɗanta maraya ne, mahaifinsa ya rasu tun yana goye. Watanni huɗu da suka wuce ya karɓi lasisin tuƙi, sai ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba shi motarsa ƙirar Golf ya riƙa jigila tsakanin Tambuwal da Sakkwato. Ran nan jami'an hanya suka tsayar da shi gaba da Dogon Daji, suka ce gudunsa ya wuce ƙa'ida, suka rubuta masa takardar tara. Da labari ya kai kunnen kawun, bai jira an dawo gida ba. Ya tare yaron a tasha, ya karɓe makullin, kashegari ya miƙa wa wani direban da ko dangin nesa ba su haɗa ba.

"Malam, naira 3,000 ce fa," in ji ta. "Ni na biya da kuɗin ƙuli-ƙulina, ko kwabo ban nema a wurinsa ba. Amma a gaban 'yan kamasho, a gaban masu shayi, ya ce wa ɗana miƙo. Ni na goyi ƙanen nan nawa da ya zama mai mota yau, ni na yi masa wankin makaranta. Wane direba ne ba ya gudu a hanyar nan? Da ɗan cikinsa ne, zai yi masa haka a gaban mutane?"

Ta ce yanzu yaron ba ya fita sai bayan magariba. Tana tambaya: ta kai ƙarar ƙanenta wurin mai unguwa, ko ta ɗauke ƙafa daga gidansa har sai ya zo ya ba su haƙuri?

AMSA

Inna tana da gaskiya a abu ɗaya. Horon saurayi a tsakiyar tasha ba daidai ba ne, kuma kawu yana da zaure da zai kira ɗan 'yar'uwarsa ya yi masa faɗa iya son ransa. Wannan kuskurensa ne, ya kamata a gaya masa.

Sai dai Inna ta cika shafi biyu da maganar kunya, ba ta faɗi gudun kilomita nawa aka kama yaron yana yi ba. Ba ta faɗi mutum nawa ke cikin motar ba. Duk wanda ya taɓa shiga Golf ɗin haya a wannan hanya ya san yadda ake loda ta: biyu a gaba, huɗu a baya, but ɗin a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Su ma waɗannan mutanen suna da iyaye mata a gida, kuma wasiƙar ba ta ambace su ko sau ɗaya ba.

Dokar a fili take. A cikin gari, iyakar gudun mota kilomita 50 ne a awa. A kan babbar hanya irin wadda ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega, kilomita 80 ne. A kan tagwayen hanya ne kawai ƙaramar motar gida ke da izinin kai 100, tasi da bas kuma 90. A jadawalin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, laifin wuce iyakar gudu yana jawo tara da maki a kan lasisi, tuƙin ganganci kuwa tararsa da makinsa sun fi nauyi. Makin nan taruwa yake yi, kuma idan ya yi yawa hukuma na iya dakatar da lasisin. Jadawalin bai ware sabon direba daga tsoho ba.

Wasu ƙasashe sun ware. A Ingila, tun dokar sababbin direbobi ta 1995, wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawa, an soke lasisinsa ke nan, sai ya koma ɗan koyo ya sake jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Kamu biyu a kan gudu ya isa. A Faransa, sabon direba ba ya wuce kilomita 110 a hanyar da tsofaffi ke yin 130. Abin da kawun ya yi da hannunsa, a can hukuma ce ke yi.

Dalilin ba ƙiyayya da samari ba ne. Motar da ke kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, mai 120 kuwa mita 33. Idan aka taka birki, tazarar da mai 120 ke buƙata kafin ta tsaya ta ninka ta mai 80 fiye da sau biyu. Tsohon direba in ya hango ƙura a gefen titi ya san garken shanu ne ke shirin tsallakawa, in ya ga ɗan acaɓa ya ɗauko buhunan albasa ya san zai kauce wa rami ba tare da ya waiwaya ba. Mai wata huɗu bai san wannan ba tukuna, ƙafarsa ce ta riga idonsa ƙwarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Najeriya, FRSC ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a kan hanya a 2024.

Tambayar da ta fi ta mai unguwa muhimmanci ita ce: a ina yaron ya koyi mota, kuma wane irin lasisi ke aljihunsa? Ƙa'ida ita ce mutum ya shiga makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, jami'in binciken motoci na VIO ya gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Lasisi mai ajin B na motar gida ne, bai ba kowa izinin ɗaukar fasinjan haya ba. Idan shi yaron ke riƙe da shi, to kawun ma yana da laifin da ya girmi na tasha, domin shi ya fara miƙa makullin. Haka kuma tun Fabrairun 2017 hukuma ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Inna ta tambayi ƙanenta ko motarsa na da ita.

Mai wannan fili ya daɗe yana faɗa a nan cewa watsi da zaman yaron mota na cikin abin da ke cika maƙabartu. Direbobin da suka tsufa a kan sitiyari, yawancinsu sun yi shekaru suna wanke mota, suna duba ruwa da baƙin mai, suna zaune kusa da maigida suna kallon inda yake sassauta ƙafa, kafin a bar su su ja ko daga tasha zuwa gidan mai. Yau yaro na koyo a filin ƙwallo sati biyu, a sati na uku yana lodi.

Saboda haka Inna ta ɗauki mayafinta ta je gidan ƙanenta bayan isha'i, ita da yaron. Ta faɗa masa cewa abin da ya yi a tasha ya ƙona mata rai, yaron kuma ya ba kawunsa haƙuri ya faɗi ainihin gudun da aka kama shi yana yi. Sannan ta roƙi abu ɗaya: a bar shi ya bi sabon direban a matsayin yaron mota na wata shida, ya riƙa ja in motar ba fasinja, a kuma gyara masa lasisi zuwa ajin da ya dace kafin a sake maganar lodi.