Darasi a kan kwanon rufi mai tsakuwa: zaɓensa da kafa shi

Darasinmu na yau a kan kwanon nan ne mai tsakuwa, wanda ake ta rufa sababbin gidaje da shi daga Unguwar Mu'azu har Kabala West.

Asalinsa daga ƙasar Niyu Zilan ne, inda wani mai suna Lou Fisher ya fara ƙera shi a 1957. Ƙarfe ne aka shafe da alminiyom da tutiya don kada ya yi tsatsa, kāna aka manna masa ɓarzajjen dutse. Jama'a na ce wa kowane iri Gerard, alhali wannan sunan kamfani guda ne. Da yawa daga Sin da Koriya ake kawo su.

Mas'ala ta farko, ciniki. Kwanon da muka saba bandir ake saye, falle 20. Wannan kuwa da murabba'in mita ake lissafi, kuma falle biyu da ɗan ɗori ke rufe mita guda. Watau rufin mita 100 zai ci falle kimanin 210, ban da na tsaiko da abin da yanka zai cinye.

Ta biyu, kauri. Akwai 0.40, akwai 0.45, har 0.55 na milimita, amma tsakuwa ta rufe ƙarfen, ido ba ya rarrabewa. Nan algus ke shiga. Yadda ba ka biyan kuɗin buhun masara sai ka soka ka ga ƙwaya, haka nan ka sa a gwada kaurin a gabanka, ka juya bayan falle ka duba hatimin kamfani, ka murza tsakuwar da tafin hannu. In tana zuba kamar gero, bar shi, ko nawa aka rage maka.

Ta uku, kafawa. Katako ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara. Tazarar tubaitu wajen santimita 37 ce, gwargwadon samfurin; in kafinta ya kuskure, falle ba zai hau bakin ɗan'uwansa ba. Ƙusa a goshin falle ake buga ta, ba a bisansa inda ruwa ke bi ba. A yanka da almakashin ƙarfe, don injin mai tartsatsi yana ƙona shafen. Rufin kuma ya samu gangara sosai, a ɗaure katakonsa da bango da ƙarfe, saboda guguwar farkon damina a Kaduna ba ta tambayar tsadar kwano.

To, mai sito ya yi tunani: ɗigon ruwan Agusta na dare ɗaya ya isa ya sa hatsin shekara ya yi hunhuna. Kai kuma dillali, la'adar yini guda ba ta kai sunanka ba. Faɗa wa mai saye kaurin gaskiya, a rubuta a rasit. Wassalam.