Maganin Tarin Fuka: Wata Shida Ba Fashi

Shekarun baya an yi wani yaro a ajina, ɗan aji uku, wanda ya yi ta tari har fiye da wata guda. Ya rame, yana zufa da dare, abinci kuma ba ya shiga. Da aka kai shi asibiti aka auna kakinsa, sai aka ce tarin fuka ne, aka sa shi a kan magani. Kafin wata biyu ya murmure, har ya koma filin ƙwallo. Da aka yi dogon hutu ya tafi gida, ya ga ai ya warke, ya jefa sauran ƙwayoyin a akwati. Bayan wata biyar tarin ya dawo, ya fi na farko tsanani, yaron kuma ya yi asarar shekara guda ta karatu. Saboda shi na zaɓi wannan darasi, domin ɗalibai da iyaye su san yadda ake shan wannan magani lafiya.

Mene ne tarin fuka?

Tarin fuka, wanda wasu ke kira tibi, wata ƙwayar cuta ce take kawo shi. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ne ya gano ta, ya kuma sanar a birnin Berlin ranar 24 ga Maris 1882. Shi ya sa ake tunawa da cutar a ranar 24 ga Maris kowace shekara. Ƙwayar tana bin iska ne idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa. Ba sammu ba ne, ba kuma gadonsa ake yi ba. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman in akwai rama, zazzaɓi, zufar dare ko jini a kaki, ya kamata ya je a auna shi.

Maganin farko da ya yi tasiri a kan cutar shi ne streptomycin, wanda aka samo a Amurka a 1943. Ba a daɗe ba likitoci suka lura cewa idan an ba da shi shi kaɗai, ƙwayar cutar takan saba da shi ta daina jin sa. Daga nan aka koyi darasin da ake bi har yau: ba a yaƙar tarin fuka da magani ɗaya.

Magunguna huɗu

A yau babban mutum da ya kamu da tarin fuka na huhu yakan sha magunguna huɗu a wata biyu na farko: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. A wata huɗu na baya sai ya ci gaba da biyu, wato rifampicin da isoniazid. Galibi an haɗa su cikin ƙwaya ɗaya, ma'aikacin asibiti ne kuma yake ƙayyade yawan ƙwayoyin gwargwadon nauyin jikin mutum. Shi ya sa ake ɗora majiyyaci a kan sikeli, kuma shi ya sa ba daidai ba ne wani ya sha rabon wani. A Nijeriya ana ba da wannan magani kyauta a cibiyoyin tarin fuka, a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta.

Me ya sa sai wata shida?

Duk wanda ya taɓa noma gonar da tofa ta kama zai gane wannan. Kana iya sare ta yau gona ta yi fes, amma saiwarta tana ƙarƙashin ƙasa, ruwa na sauka za ta tsiro. Haka ƙwayar tarin fuka take. Masu saurin hayayyafa suna mutuwa a makonnin farko, shi ya sa tari yake lafawa, jiki ya dawo. Akwai kuma waɗanda suke kwance shiru a cikin huhu, sai an daɗe ana ba su magani kafin su ƙare. Wanda ya tsaya a wata biyu ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Abin da ya fi muni shi ne, shan magani yau a bari gobe yana ba ƙwayoyin da suka fi taurin kai damar rayuwa su yaɗu. Idan suka daina jin rifampicin da isoniazid, an sami tarin fuka mai bijire wa magani ke nan. Dā irin wannan yakan ɗauki wata 18 zuwa 24 ana jiyya, har da allurai masu iya kurmantar da mutum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗi na wata shida ba tare da allura ba ga yawancin masu irin wannan, amma duk da haka jiyyarsa ta fi wuya. Mai ɗauke da shi kuma irinsa zai sa wa ƙannensa da abokan ɗakin kwanansa.

Ƙa'idodin sha

1. A sha kowace rana a lokaci guda. An fi so da sassafe, kamar awa ɗaya kafin karin kumallo, domin abinci yana rage shigar rifampicin da isoniazid cikin jini. Wanda yake jin tashin zuciya ya gaya wa nas, ana iya ba shi shawarar haɗawa da ɗan abinci kaɗan.

2. A sami mai sa ido, ko nas, ko malami, ko wani ɗan'uwa, wanda zai ga an haɗiye ƙwayar ya sa alama a kati. Wannan ba rashin yarda ba ne. Kowa yana iya mantuwa.

3. In an manta kwana ɗaya, kada a ninka washegari. A ci gaba yadda aka saba, a kuma sanar da asibiti.

4. Kafin hutu ko tafiya, a je a karɓi isasshen magani, ko takardar da za a kai cibiyar da ke kusa da gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5. A kai kaki awo a lokutan da aka sa, galibi ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida. Awo ne zai nuna an warke, ba ƙarfin jiki ba.

6. A ajiye magani cikin takardarsa, inda babu zafi ko laima, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Abin da ba na tsoro ba

Rifampicin yana mai da fitsari ja ko ruwan lemo, wani lokaci har da zufa da hawaye. Ba jini ba ne, launin maganin ne kawai, zai kuma wuce in an gama. Mutane da yawa sun bar magani saboda wannan, don ba wanda ya yi musu bayani tun farko. Pyrazinamide yakan kawo ciwon gaɓoɓi. Isoniazid kuma yakan sa tafin ƙafa ko yatsu su riƙa zafi ko mutuwa, ana magance wannan da bitamin B6. Waɗannan a faɗa wa ma'aikacin asibiti, amma kada a daina sha.

Abin da ke bukatar gaggawa

Uku daga cikin magungunan nan, rifampicin, isoniazid da pyrazinamide, suna iya taɓa hanta. Idan farin ido ya koma rawaya kamar na mai ciwon shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki yana ciwo ta gefen dama, a dakata da maganin a tafi asibiti a ranar. Haka nan idan ƙuraje suka feso a jiki tare da zazzaɓi ko gyambon baki. Ethambutol kuma yana iya taɓa jijiyar ido. Ɗalibin da ya ga rubutun allo ya fara yi masa hazo, ko ya kasa bambanta ja da kore, kada ya jira ƙarshen mako. Likita ne zai san wanda za a cire da wanda za a sa a madadinsa.

Abin da ba a haɗawa da shi

Giya da burukutu suna ƙara wa hanta nauyi, don haka a bar su gaba ɗaya. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba su ma haka. Ko farasitamol kada a riƙa sha barkatai. Rifampicin yana rage ƙarfin waɗansu magunguna, kamar ƙwayoyin tazarar haihuwa, da wasu na farfaɗiya, na ciwon sukari da na cutar ƙanjamau. Saboda haka majiyyaci ya gaya wa likita duk abin da yake sha, kada ya ɓoye. Mai juna biyu da mai shayarwa suna iya shan magungunan nan huɗu a ƙarƙashin kulawar asibiti, barin ciwon ne ya fi haɗari gare su da jaririn.

Kada kuma a sayi rifampicin a kemis ko a tiren 'yan talla don tari, ko maruru, ko ciwon sanyi. Duk ƙwayar da aka sha ba bisa ƙa'ida ba tana rage kaifin makamin da muke da shi.

Aikinmu a makaranta

Wanda yake shan maganinsa daidai, bayan 'yan makonni yakan daina sa wa mutane cutar, likita kuma zai faɗi lokacin da zai koma aji. Idan ya dawo, kada mu guje shi ko mu sa masa suna, domin kunya ce take sa wasu ɓoye magani. Mu riƙa buɗe tagogin ɗakin kwana da na aji, mu rufe baki in za mu yi tari. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi su je a duba su, a gida kuma a kai yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin akwai maganin kariya da ake ba su.

Yaron nan da na ambata ya sake jiyya daga farko, wannan karon yayarsa ce take sa alama a katinsa kowace safiya. Ya warke, ya kuma gama makaranta shekara guda bayan 'yan ajinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake haɗa magunguna huɗu a wata biyu na farko?
2. Kawo alamu uku da za su sa a tafi asibiti a ranar.
3. Abokinka ya ce zai bar magani don fitsarinsa ya yi ja. Me za ka ce masa?
4. Wane shiri ɗalibi mai shan magani zai yi kafin dogon hutu?